Keken Bonaberi

Abin da zan faɗa muku ya faru ne bayan shekarun nan da aka yi ta rufe kasuwanni ana zaman gida, kafin a karya darajar kuɗinmu na sefa. Lokacin bensikin sun fara fitowa ke nan, ana kallon mai hawa babur ɗin haya kamar wanda ya gaji da ransa. Gada ɗaya ce tak a kan kogin Wuri. Mu a gidanmu muna ce mata shekarar da ruwa ya shigo ɗaki ya ɗauki tabarmar salla ya kai ta bakin ƙofa, shekarar da na yaye autarku. Na sa a rubuta ne saboda na gaji da jin maganar a karkace. Kun tashi kuna jin wai ni na kori yayanku daga gidan nan, wai an nuna mini keken ɗinki sabo fil na ƙi, na je na jajibo tsohon ƙarfe saboda rowa da rashin boko. Boko kam ban yi ba, ba kuma na jin kunyar faɗa. Amma idona biyu na zaɓi keken nan, kuma da za a mayar da ni ranar, shi zan sake ɗauka.

Babanku baduku ne ɗan baduku. A nan unguwar New Bell aka haife shi, a ɗakin da yanzu kuke ajiye gawayi. Yana yin takalma, yana yin jaka, amma abin da ya riƙe gidan nan shi ne kuben mahauta. Kun san garin nan da laima: fata ba ta shekara sai fumfuna ta cinye ta. Saboda haka duk Layya mahautan unguwarmu sukan canza kuben wuƙar yanka da ɗamararsa. Tun zamanin kakanku suka ɗauki al'ada, ba sa zura wuƙar yanka sai a kuben da badukun gidan nan ya ɗinka da hannunsa, da alwala, da Bismillah. Ba kowane ɗan gida ba, sai wanda ubansa ya miƙa wa basilla a gaban mutane. Kakanku ya miƙa wa babanku. Babanku kuwa bai miƙa wa kowa ba, don ɗan farina, wanda ba na faɗin sunansa, muna ce masa Abba, tun yana ƙarami ya ce warin ƙirgi na tayar masa da zuciya. Ya tafi unguwar Akwa ya koyi aikin tela, ya kuma iya.

Ƙirgi, ga waɗanda suka manta a cikinku, fatar sa ce da aka jeme, mai kauri kamar tafin ƙafa. Kube ɗaya ninki uku ne: baya, gaba, da wani siriri da ake sakawa tsakani don kada kaifin wuƙa ya taɓa zare. A baki kuma, inda madaukin ɗamara yake, ninki huɗu. Babanku yakan danna basilla da tafin hannun dama har sai jijiyar wuyansa ta tashi. Ni nake shafa wa zare kakin zuma, ni nake yanka, ni nake riƙe masa. Amma ɗinki nasa ne.

Bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki, da hantsi, ina tankaɗe a tsakar gida, na ji basilla ta faɗi a siminti. Basilla ba ta faɗuwa a hannun babanku. Da na leƙa sai na gan shi a karkace, bakinsa ya ja gefe, yana kallon hannunsa kamar na wani. Aka kai shi asibiti. Da aka dawo mana da shi, hannun dama ya mutu, ƙafar dama sai ja, magana kuma ta tafi. Kalma biyu ta rage masa: "Bismillah" da "To." Da "to" yake neman ruwa, da ita yake faɗa, da ita yake godiya. Ni kaɗai nake rarrabewa.

Sai ga wansa, Yaya Haruna, ya sauka daga Garwa. Kada ku ɗauka mugu ne. Mutum ne mai son ƙanensa, amma irin son da ba ya tambayar ka abin da kake so. Ya dubi Malam, babanku ke nan, a jingine, ya dubi rumfar aiki a rufe, ya kira ni.

"Asabe, ku fara haɗa kaya. Bayan Layya zan tafi da shi."

Na ce, "Yaya, ina za shi? Nan ne gidansa."

"Gidan mutum inda yake da aikin yi. Ƙanena ba zai zauna a garin mutane mace da yaro suna ci da shi ba. A can akwai dangi, akwai ɗaki a zaure, masu gaisuwa ba za su yanke ba."

Na san ɗakin nan na zaure. Na taɓa ganin wani tsoho a cikinsa, an shimfiɗe shi ana shigowa ana cewa sannu ana fita. Bai yi shekara ba. Malam yana jin duk abin da ake faɗa. Ya ce, "To," a hankali, ya juya fuska bango. Yaya ya ce ai ga shi ya yarda. Ni na san wannan "to" ɗin, ba ta yarda ba ce.

Ana cikin haka Sarkin Pawa ya zo dubiya. Tsoho ne mai jiki, abokin wasan Malam, don mahauta da dukawa ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna. Ran nan bai yi tsokana ba. Da zai fita ya tsaya a bakin labule.

"Maman Abba, kin san Layya ba ta jiran mara lafiya. Akwai wani baduku da ya zo daga Kano, yana ta aiko mini da goro. Ban karɓa ba. Zan jira har a ga watan Layya. In na zo na tarar da kube daga hannun Malam, shi ke nan. In ban tarar ba, ki yafe mini."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in Abba ya ɗinka fa?"

"Abba tela ne. Wa ya ba shi basilla?"

Yaya Haruna yana zaune yana jin komai. Ya ce madalla, ga magana ta fito fili: in aikin mahauta ya bar gidan nan, Malam zai bi shi jirgi. In kuwa Malam ya ɗinka kube da hannun da ba shi da shi, shi Haruna zai koma Garwa shi kaɗai. Dariya ya yi da ya faɗi haka.

Abba ne ya fara kawo maganar keke. Ya ce, "Inna, ki bar mahauta da al'adarsu. A sayi keken fata mai ƙarfi, in riƙa yin jakunkuna da bel ina kai wa kantunan Akwa. Gidan nan ba zai kwana da yunwa ba." Gaskiya ya faɗa, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Muka fara gwada keken tela na maƙwabta, muka ga allura na karyewa kamar tsinken tsire, mai keke ya ce mu rufa masa asiri. Daga nan na ɗauko 'yan kunne da sarƙar zinaren da uwata ta bar mini, na kai inda ake kai su. Abin da na samo na keke ɗaya ne. Babu na biyu, babu na kuskure. Na yanka ƙirgi gunduwa-gunduwa na ɗaure a bakin zane, don ba zan sayi keke a kan maganar baki ba.

A Akwa muka shiga wani kanti mai sanyi. Ga keke nan fari tas a kan teburinsa, da injin lantarki a ƙasa. Mai kantin mutumin kirki ne, bai raina zanena ba. Abba ya yi masa Faransanci, mai kantin ya karɓi ƙirgina ya ninka uku, ya taka da ƙafa. Kafin in ƙifta ido ya fito ta can. Ya ninka huɗu, haka. Ɗinki a miƙe, sumul, ko basillar Malam ba ta fi shi kyau ba. Ba zan yi wa keken nan ƙarya ba, har yau ban ga kamarsa ba. Na dubi Abba na ga idonsa yana ƙyalli kamar ranar da aka fara ɗinka masa rigar salla.

Na ce, "Tambaye shi, a ina mutum ke sa ƙarfinsa?"

Mai kanti ya yi dariya. "Madam, ba kya buƙatar ƙarfi. Kuran ne ke aiki, wutar lantarki. Ƙafa kawai, da hannu biyu a kan fata."

Ƙafa, da hannu biyu. Na ce a bar ni in kwana da maganar. Abba ya yi ta cewa, "Inna, me ya rage? Me kike nema kuma?" Wallahi ni kaina ban san abin da nake nema ba. Na dai san ban gan shi a kantin nan ba.

Washegari na gan shi, a tsakar gidana. Ina markaɗen tattasai da ƙaramin injin nan na hannu da ake ɗaurawa a benci, Malam na jingine kusa da ni yana shan iska. Autarku ta yi kuka na tashi. Ina dawowa na tarar ya kama mariƙin injin da hannun hagu yana juyawa. Ba juyin wasa ba, juyi na fushi, haƙoransa a cije, tattasai na zuba har ƙasa. Na kai hannu zan karɓa ya ce, "To!" da irin muryar da yake korar akuya daga rumfa. Na koma na zauna ina zuba masa tattasai har ya ƙare. Tun da ya faɗi, ran nan ne ya ci abinci ya cinye.

Na fara tambaya a unguwa, wa ya san keken fata da ake juyawa da hannu. Wani mai gyaran takalmi ya ce akwai wani tsoho ɗan ƙabilar Bamileke a Bonaberi, tsallaken gada, Pa Simon, wanda ya yi shekaru yana ɗinka bel ɗin injinan katako da tamfol, yanzu zai rufe shago ya koma ƙauyensu. Na ce wa Abba ya raka ni. Ya zo yana ɓata rai. Muka shiga taksi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka makale a kan gada, ruwan Wuri ya yi baƙi a ƙarƙashinmu, kuɗin na ɗaure a cikina ina jin su kamar garwashi.

Shagon Pa Simon rumfar kwano ce, rabin kayan an riga an ɗaure. Keken na can lungu. Baƙi ne, kansa kamar kan sa, fenti duk ya goge. A gefen damansa wani babban gargare na ƙarfe da mariƙin katako wanda hannu ya cinye har ya yi santsi. Ba injin lantarki, ba abin takawa. Abba ya dube shi ya ce, "Inna, wannan ai gawa ce." Pa Simon bai jin Hausa amma ya ji dariyar. Da Pijin muka yi magana, wanda na iya tun ina tallar ƙosai.

"Mami, ɗanki na dariya. Keken nan ya girme shi, ya girme ni. Kawo fatarki."

Ya ɗiga mai, ya sa allura mai kaurin ashana, ya ninka uku, ya juya. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Juyi ɗaya, ɗinki ɗaya. Abin da keken Akwa ya yi a numfashi guda, wannan sai da na gaji da tsayuwa. Da aka zo ninki huɗu sai ya cije, allura ta tsaya a tsakiyar fata. Pa Simon ya ja gargaren baya kaɗan, ya sa kafaɗa, ya wuce. Ya ce haka yake, a wuri mai kauri sai an ba shi ƙarfi.

Na ce wa Abba, "Zauna a ƙasa. Nan, ta gefe. Juya mini da hagu. Hannun daman ka sa shi a baya."

Ya zauna, ya kama, ya juya sau biyu. Sai ya saki. Ya ɗago ya dube ni, na ga ya gane.

"Inna, ba don ni za ki saya ba ke nan."

"Don gidan zan saya."

"Don Baba za ki saya. Mutumin da ba ya iya ɗaga kofi? Ni da nake da lafiya na ji shi a kafaɗata. In ya kasa fa? In Sarkin Pawa ya ce bai yarda ba fa? Kin zubar da zinaren Kaka a kan wannan, Baffa ya tafi da Baba, mu kuma a bar mu da ƙarfen da ba zan iya yin jaka biyu a wuni da shi ba. Wancan kuwa ko me ya faru muna da abinci."

Duk abin da ya faɗa haka yake. Ban zo da Malam ba balle in gwada. Ban tambayi Sarkin Pawa ba, don na san in na tambaya da baki a'a zai ce. Pa Simon kuma ya ƙara da cewa in na ɗauka na ɗauka, shi jibi motar ƙauyensu zai bi, babu inda zan same shi. Ruwa na dukan kwano har ba ma jin juna sosai. Abba ya matso ya rage murya.

"Inna, tun da nake ban taɓa roƙon ki komai ba. Na roƙe ki wannan. In kika ɗauki keken nan, hannuna ba zai taɓa shi ba."

Ɗan fari ba a kallon idonsa, ba a kiran sunansa. Ran nan na kalli idonsa. Na ga yaron da ke neman a ce masa, kai ne babba yanzu. Na kuma tuna ɗakin zauren Garwa. Na juya baya na kwance ɗaurin cikina na miƙa wa Pa Simon. Da ya ga fuskar Abba sai ya dafa shi ya ce, "Ashiya," sannun mutanen nan ke nan. Abba ya ture hannun ya fita cikin ruwa. Ni kaɗai na dawo da keken a bayan wata motar katako, na lulluɓe shi da mayafina, ni ina jiƙewa.

Ƙarti huɗu suka shigo da shi rumfa. Yaya Haruna ya zagaya shi yana tafa hannu. "Asabe, injin niƙa kika sayo mana? To a kawo masara." Ni kuwa Malam nake kallo. Abin da ban lissafa ba ke nan: baduku ne na gaske, duk rayuwarsa yana cewa ɗinkin keke ɗinkin malalata ne. Ya dubi keken, ya dube ni, ya juya fuska bango. Ko "to" bai ce ba. Kwanaki suka yi ta tafiya. Watan Zulƙida ya raba, ya fara lalacewa. Abba na kwana a shagon maigidansa. Yaya ya je tasha ya tambayo ranar jirgi. In na kai wa Malam maganar keke sai ya rufe ido. Na daina cin abinci sosai, ba don azumi ba, ba ya wucewa ne.

Da na ga ba sarki sai Allah, na yanka kube na zauna zan ɗinka ni kaɗai, hannu ɗaya a gargare, ɗaya a fata. Ba dabara na yi ba, iyakar iyawata ke nan, kuma ba ta da kyau. Layin ya karkace, ya matso bakin fata har zai fita. Sai na ji ana dukan ƙasa. Malam ne, da tafin hagu, idonsa a kan ƙirgin da nake ɓatawa. "To! To!" Na ci gaba. Sai ga shi yana jan jiki a kan tabarma, da gwiwar hannu, har ya iso. Ya fizge kuben ya jefar. Ya nuna mini wani. Ya kama mariƙi. Ya ce, "Bismillah."

A ninki uku ya wuce lafiya. A bakin kube allura ta cije. Na ga jijiyar nan ta wuyansa ta tashi, wadda na ɗauka ba zan sake gani ba. Ya ja baya, ya sa kafaɗa da duk nauyin jikinsa, ya wuce. Amma gargaren nan in ya ɗauki gudu ba ya tsayawa nan take, mu kuma ba mu san haka ba tukuna. Na ce tsaya, ya tsaya, keke bai tsaya ba. Wannan yatsan nawa da kuke tambaya kuna yara me ya lanƙwasa shi, ran nan ne. Allura ta shiga ta farce ta fito ta ƙasa. Na naɗe da tsumma, na goge jinin daga fata, na ce masa juya.

Akwai abin da ya riƙa yi wanda ya ba ni haushi. In mun kai ƙarshen layi na ɗauko almakashi, sai ya buge hannuna. Sai na juya kuben mun sake bi ta cikin ramukan nan dai, tun daga ƙarshe har farko. Aiki ya zama biyu, ga wata na ƙaratowa. Na ce, "Malam, ya kamu fa, lokaci muke nema." Ya ce, "To," ya riƙe mariƙi gam, ya ƙi juyawa sai da na yi yadda yake so. Haka muka yi su duka, daga asuba zuwa faɗuwar rana, kafaɗarsa ina gasa masa da ruwan zafi.

Aka ga wata. Washegari da la'asar Sarkin Pawa ya zo da manyan yaransa biyu. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, Yaya Haruna ya zauna kusa da shi, na aika da kube a faifai, na tsaya bayan labule. Sai na ji muryarsa.

"Aiki ya yi kyau. Amma wannan ba ɗinkin basilla ba ne."

Yaya ya ce, "Keke ne, ranka ya daɗe. Ita ta sayo, ita ke zama a kansa. Ba zan bari a rufe ka ba."

"Ashe haka ne. To, Allah ya ba Malam lafiya."

Na ji yana laluben takalmi. Ban san lokacin da na ɗaga labule ba, ni da ban taɓa tsayawa a zaure gaban maza ba.

"Ranka ya daɗe, abin da Yaya ya faɗa gaskiya ne, amma rabi ne. Taka ka shigo ka ga sauran. In ka gani ka ce a'a, ni da kaina zan ɗaure wa Malam kaya."

Sai ya shigo, duk suka biyo shi. Na kawo buta na taya Malam alwala a gabansu. Na zauna, na sa fata a ƙarƙashin allura, na riƙe da hannu biyu. Na ce, "Ga ni a kan keke. Ka ga allura ta motsa?" Ya ce bai gani ba. Na ce, "Ko zan kwana a nan ba za ta motsa ba." Malam ya kama mariƙi, ya yi Bismillah, ya juya. Ƙwas. Ƙwas. Da ya zo ninki huɗu ya cije, ɗaya daga cikin yaran ya yunƙura zai taimaka, Sarkin Pawa ya tare shi da hannu. Malam ya ja baya, ya sa kafaɗa, ya wuce.

Sarkin Pawa ya ce, "Hannu kam nasa ne, na gani. Saura ɗaya. Ɗinkin keke in zare ɗaya ya tsinke, sauran bin sa suke yi. Wuƙa kuwa a cinyar mutum take kwana. Ba zan ba yarana abin da zai buɗe ba."

Ya zaro wuƙarsa, ya ɗauki kube ɗaya daga tsakiyar faifai, ya sa tsini ya tsinke zare a wuri guda. Ya ba yaran nan biyu, kowa ya kama gefe, ya ce su ja. Ban san da wannan gwajin ba. Suka ja har ɗaya ya zame. Kube bai buɗe ba. Sarkin Pawa ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya tona da farce, ya ga zare na biyu kwance a cikin ramin na farko. Ya juyo ya dubi Malam, ya daɗe yana kallonsa.

"Kai baduku, tsohon mugu. Bakin ne kawai ya tafi, kan yana nan."

Malam ya ce, "To." Wannan kam kowa ya gane ta. Har Yaya Haruna sai da ya sa hannun riga ya goge fuska. Bayan Layya ya hau jirginsa shi kaɗai, kuma har ya bar duniya yana aiko mana da gero.

Abba bai zo ran nan ba. A satin ya ɗauki jakarsa ya tafi Yawunde. Ban kore shi ba, ku ji da kyau, amma na san abin da ya tafi da shi, kuma na san ni na zaɓa. Abin da ya faɗa a Bonaberi bai faɗi ƙasa ba: keken nan bai taɓa yi mana arziki ba. Mun ci, mun sha, kun yi makaranta da ƙyar, zinare bai dawo ba. Shi kuwa ya yi wahalarsa a can shi kaɗai, har ya kafa shago da kekuna masu kuran a jere. Yakan aiko, yakan zo salla ya koma a ranar, ba ya kallon rumfa. Babanku ya juya gargaren nan har autarku ta shiga sakandare. Ranar da zai rasu ma da safe ya yi aiki. A nan aka yi masa sutura, mahauta suka ɗauke shi, kowa da kubensa a ƙugu.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse da azahar, na leƙa rumfa na ga Abba zaune a ƙasa, ta gefen keke, inda ubansa ke zama. Mariƙin katakon ya lotsa daidai yatsun Malam. Ya sa nasa a ciki, na hagu, ya juya sau ɗaya. Ya ji ni a bayansa, bai waiwayo ba.

"Inna, da nauyi haka yake ja kullum?"

Na ce, "Kullum."

Ran nan a gidan ya kwana.

Cikin waɗanda suka tsaya a rumfar nan ranar gwaji, Sarkin Pawa ya rasu, Yaya Haruna ya rasu, ɗaya daga cikin yaran ya rasu. Ɗayan, wanda ya zame, shi ne tsohon nan mai tsire a bakin masallaci da ba ya karɓar kuɗinku, ku tambaye shi in kuna shakka. Pa Simon ban sake jin labarinsa ba. Ban da mai tsiren, saura ni, da yayanku, da keken. Bara yayanku ya ce in ba shi keken ya kai shagonsa ya ajiye a gaba inda kowa zai gani. Na ce ya bari sai an fitar da ni tukuna. Ya ce to.